Mai Kuɗi Da Mai Sana'a: Darasi Daga Alhassan Ɗantata

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan jari ne. Mutum yana da sana'a, amma ba shi da kuɗin faɗaɗa ta. Wani kuma yana da kuɗi, yana neman inda zai zuba su. Yaya za su haɗu ba tare da an cuci kowa ba?

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Ya fara da fataucin goro daga ƙasar Gwanja. A 1918 ya zama wakilin kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa a Kano. Ba shi kaɗai ya yi ta yawo ƙauyuka ba. Yakan ba yaransa jari su sayo masa kaya. Wanda ya riƙe amana, sai a ƙara masa. Ya rasu a 1955.

Akwai bambanci tsakanin bashi da jarin haɗin gwiwa. Mai ba da bashi kuɗinsa yake jira, ko ka ci riba ko ka faɗi. Mai zuba jari kuwa, ku raba riba. A fiƙihu ana kiran wannan ƙirali. Idan asara ta zo ba da sakacinka ba, shi ya rasa kuɗi, kai ka rasa wahalarka. A birane akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Sukan sayi wani kaso na ƙaramin kamfani, su raine shi 'yan shekaru, sannan su sayar da kasonsu.

Ga misali. Wata mata a Gesse tana turara shinkafa, tana sayarwa a kasuwar Birnin Kebbi. Ɗan'uwanta ya zuba mata Naira 200,000 don ta sayo shanshera daga Argungu. Suka yarda za a raba riba biyu. Bayan kaka, riba ta kama Naira 60,000. Kowa ya sami 30,000, jari kuma yana nan.

Kafin ka karɓi jarin wani, kiyaye abu uku. A faɗi kason kowa tun farko. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Ka kuma riƙa rubuta shiga da fita kullum, domin littafin nan shi ne shaidarka ranar rabo.

Tambayoyi
1. A wane gari aka haifi Ɗantata?
2. Mene ne bambancin bashi da ƙirali?
3. Idan riba ta kama Naira 90,000, nawa kowa zai samu?