Batirin Mota da Dalmar da ke Cikinsa

Duk wanda ya taɓa ɗaga batirin mota ya san nauyinsa. Yawancin nauyin nan dalma ce. Cikin akwatin akwai ɗakuna 6, kowanne da fayafayan dalma tsome cikin ruwan asid, yana bayar da bolt 2 da 'yan kai, jimla 12.6 idan batir ya cika.

Mai sayen sabo ya dubi lambar ampiya da ke jikin tsohon, ya nemi irinta, ya kuma tabbata kawunan waya sun faɗa gefen da ya dace da motarsa. Caji kuwa ba ya son gaggawa: batir mai lamba 60, ampiya 6 ta ishe shi. A yi shi a sarari, nesa da wuta, domin iskar haidurojin da ke fita tana iya fashewa.

To, ina za a kai tsohon? A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Abare da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga batir ba, amma gubar ɗaya ce. A Thiaroye, kusa da Dakar, dalmar tsofaffin batura da ake fasawa ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008.

Jikin yaro yakan karɓi dalma tamkar kalsiyam, sinadarin gina ƙashi. Daga nan sai ta hana jini yawaita, ta taɓa ƙwaƙwalwa, har ta kai ga jijjiga. Saboda haka tsohon batir a mayar wa mai sayarwa a rufe, kada a fasa shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe.