Sarrafa Kabewa Zuwa Abin Sha Mai Kauri A Lokacin Kaka

Gabatarwa

Kabewa na daga cikin amfanin da manoman Arewa ke shukawa a bayan gida da cikin gonakin dawa da masara. Takan nuna da kaka, daga watan Oktoba zuwa Nuwamba. A wannan lokaci ne fatake ke lodinta tare da albasa da tattasai zuwa kasuwannin Kudu, irin su Gariki da ke Inugu, da Ose da ke Anaca, da kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Fruit Garden da ke Fatakwal. Inyamurai na kiranta anyu, kuma daban take da ugu, wanda ake nomawa domin ganyensa.

Kabewar da kan yi watanni a ɗaki a Kano ko Zariya ba ta jimawa haka a Kudu, saboda laima. Ruwan saman Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. Don haka duk wadda ta ƙuje a mota takan ruɓe da wuri, ɗan kasuwa ya yi asara. Sarrafa ta zuwa abin sha hanya ce ta rage asarar, da kuma sama wa matan unguwannin Hausawa sana'a.

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka ne, kuma mutanen can na haɗa abin sha da ita da madara da kayan ƙamshi duk kaka. Wasunsu na zuba barasa, amma haɗin da aka bayyana a nan babu ita.

Amfaninta ga jiki

Jan tsokar kabewa na ɗauke da sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin na kawo dundumi, yana kuma rage wa yara ƙarfin jure cututtuka kamar ƙyanda da gudawa. Saboda muhimmancinsa ne Nijeriya ta wajabta ƙara shi cikin sukari da fulawa da man girki tun daga 2002. Jiki ba ya tsotsar karotin sosai sai da maiƙo, shi ya sa ake haɗa kabewar da madara ko gyaɗa.

Ɗanyar madarar shanu tana wuya a Kudu, domin ƙudan tsando da ciwon sammore sun takura wa kiwo a yankin. Madarar gyaɗa, ko ta aya, ko ta kwakwa na iya maye gurbinta.

Zaɓen kabewa

A zaɓi wadda ta ƙosa, mai nauyi, mai jan ciki, wadda farce ba ya huda bayanta. Idan ta ƙuje kaɗan a yanke wurin da faɗi. Wadda ta yi laushi, ko fumfuna, ko wari, a zubar. A ɗanɗana ɗan yanki kafin a dafa. Idan da ɗaci kada a yi amfani da ita, domin ɗacin alamar guba ce wadda dahuwa ba ta kashewa.

Kayan haɗi

1. Kabewa fererriya, kilo 1
2. Ɗanyar gyaɗa, gwangwanin madara 2
3. Ruwa mai tsabta, lita 1 da rabi
4. Madarar gari, babban cokali 6
5. Dabino 10, ko sukari daidai buƙata
6. Garin citta da na kirfa, rabin ƙaramin cokali kowanne
7. Kanumfari 4

Wannan zai ba da kimanin kofi 9 zuwa 10 na mililita 250.

Yadda ake haɗawa

1. A tsince gyaɗar, a fitar da ruɓaɓɓu da masu fumfuna, domin su ke ɗauke da gubar afulatoksin mai illa ga hanta. A jiƙa ta awa 4, a murje ɓawon.
2. A cire ƙwallon dabino, a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi.
3. A wanke kabewar kafin a yanka. A fere, a cire 'ya'yan, a yayyanka ƙanana.
4. A turara ta a madambaci na minti 20, ko har ta yi laushi. Turarawa ta fi dafawa cikin ruwa mai yawa, domin ɗanɗanon ba ya tsiyayewa.
5. A markaɗa gyaɗar da ruwan, a tace da ƙyalle mai tsabta.
6. A ɗora madarar gyaɗar a wuta da citta da kanumfari, ta tafasa minti 10 ana motsawa don kada ta kama.
7. A markaɗa kabewar da dabino, ko a kirɓa a turmi a tace da rariya.
8. A juye cikin tukunyar, a ƙara minti 5 a wuta. A sauke, a tsame kanumfarin, a dama madarar gari da ruwan da aka tafasa a zuba, sannan a barbaɗa kirfa.

Ana sha da ɗumi, ko a sanyaya. Kada a sa tsamiya ko lemon tsami, domin madarar za ta tsinke. Wanda ya samu madarar shanu ya tafasa ta tukuna, saboda ɗanya na iya yaɗa tarin fuka.

Adanawa da sayarwa

Wannan abin sha ba shi da tsamin da zai hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Idan babu firji a shanye shi cikin awa 2 bayan ya huce. A firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka zai kwana biyu. Idan wuta ta ɗauke ya rasa sanyinsa, a zubar. Kada a toshe shi a kwalba a ajiye a ɗaki, domin guba mai kisa na iya tsirowa a ciki ba tare da wari ba.

Mai sayarwa ta haɗa abin da za ta iya sayarwa a yini ɗaya kawai. Ta guji tsintattun robobi, ta sa ƙanƙara a kewayen mazubi maimakon cikinsa. Mai niyyar ɗurawa da lakabi domin kai wa shaguna sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Kada a ba jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya wadace shi. Kada kuma a sa zuma idan ɗan ƙasa da shekara 1 zai sha. Masu ciwon sukari su bar sukari da dabino, wanda kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya yi amfani da aya.

Shawara ga malaman gona

A ja hankalin manoma su yanke kabewa da ɗan guntun hannunta, su bar ta kamar kwana 10 a wuri mai iska har bayanta ya yi tauri kafin lodi, a kuma shimfiɗa ciyawa a ƙasan mota. 'Yan kasuwar Kudu su jera ta a kan katako a inuwa, su ware masu ƙujewa kullum domin a sarrafa su a ranar. A nuna wa ƙungiyoyin mata wannan haɗi a aikace, a auna kayan a gabansu, su lissafa kuɗin kaya da na itace kafin su yanke farashin kofi.