Darasi: Nisa da Tsawon Lokaci a Tafiyar Jirgin Sama

'Yan'uwa ɗalibai, nisa daban, daɗewa a hanya daban. Ga misali: tsakanin Sakkwato da Maiduguri akwai kimanin kilomita 870 ta sama. Jirgin da ke cin kilomita 800 a awa ɗaya zai isa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma galibi sai an biyo ta Abuja, maƙwabciyarmu a nan Keffi, sai tafiyar ta kai kusan kilomita 1,200, ban da zaman jiran jirgi na biyu.

A lura, a Hausa adadi yana bin suna: "awa biyu", ba "biyu awa" ba. Fatake kuwa da zango da kwanaki suke auna nisa.

Aiki: rubuta nisan Keffi zuwa garinku da kilomita, sannan da awoyi.