Amsoshin Tambayoyinku: Lasifikar falo da lasifikar fili

Tambaya: Ina bayar da hayar kayan sauti a wajen biki, walima da wa'azi a ƙauyukanmu, har Lolo da Illo. Da na je kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin, wani mai kayan Kwatano ya nuna min lasifika biyu ƙirar Bowers & Wilkins, dogaye sirara, kuɗinsu ya fi na manyan akwatuna huɗu. Ya ce babu kamarsu a duniya. Mene ne a cikinsu da ya sa suka yi tsada haka, kuma in na saya za su yi min aiki? Daga wani mai karatu a Matsinkai, ƙaramar hukumar Bagudo, jihar Kebbi.

Amsa: Mai kayan bai yi maka ƙarya ba a kan ingancinsu, in dai na asali ne. Kamfanin tsoho ne, tun 1966 yake a garin Wazin na Ingila, kuma da lasifikarsa ake sauraron waƙa a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan. Sai dai ingancin abu daban, dacewarsa da aikinka daban. Bari mu buɗe akwatin mu duba.

Akwatin kansa ba shi ke fitar da sauti ba. Masu fitar da sautin su ne kwanukan da ke fuskarsa. Kowane kwano yana da maganaɗisu a bayansa, da koyil na siririyar waya. Wuta daga amfilifaya ta ratsa koyil ɗin, sai ya riƙa tura kwanon gaba da baya, kwanon kuma ya kaɗa iska. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Rice da Kellogg, su suka fito da wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa ake. Kunnen mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali babu kwano ɗaya da zai iya ɗaukar wannan duka da kyau. Shi ya sa ake raba aikin. Babban kwano, wato wufa, shi ne tambari: mai kauri, mai sauka a ƙirji. Matsakaici shi ne kalangu da muryar mutum. Ƙaramin, tuwita, shi ke fitar da siririn sauti irin na kuge da ƙarar kacau-kacau. A ciki kuma akwai wani ɗan allo mai rarraba wuta, yana aika wa kowa rabonsa.

Kuɗin da ka ji, wani kaso nasa a kan kwanukan nan ya tafi. Tuwita na bukatar abu marar nauyi amma mai tauri, don kada ya lanƙwashe yana kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa. Masu sauƙin kuɗi da yadin siliki ko alminiyom ake yin su. Silikin kan ba da sauti mai laushi, ƙarfen kuma mai kaifi. Bowers & Wilkins a manyan lasifikunsa da lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta yake yi. Focal na Faransa da ƙarfen beriliyom yake yi. KEF kuwa tun 1988 ya dasa tuwita a tsakiyar matsakaicin kwano, don sautin biyun ya taso daga wuri guda ya iso kunne tare. Na saurari irin waɗannan a ɗaki shiru, kuma gaskiya abin yana ratsa jiki: har numfashin mai rerawa kana ji. Amma ka lura da abin da na ce, ɗaki shiru, mutum na zaune taku uku ko huɗu daga gare su.

Kai kuwa filin Allah ne wurin aikinka, ga hayaniyar jama'a, ga kukan janareta. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarar tana raguwa da desibel 6, babu bangon da zai dawo da ita. Lambar da ta fi shafarka ita ce yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Na falo yawanci tsakanin desibel 85 ne da 90. Na taro, masu wufa inci 15 ko 18 da tuwita mai bakin ƙaho, sukan kai 95 zuwa 100. Kada ka raina tazarar 10 ɗin nan, domin ninki goma ce ta wuta: ƙarar da akwatin taro zai bayar da wat 100, na falo sai ya sha wat 1,000 kafin ya kamo shi, kuma tun kafin nan koyil ɗinsa ya ƙone.

Sirrin ƙaho kuwa ka san shi tun daga kakakin fada. Bakin mai busa ƙarami ne, amma dogon bututun da ke buɗewa a hankali yana tattara sautin ya jefa shi nesa. Haka ƙahon Ahuja na Indiya ko TOA na Japan da ke kan hasumiyar masallatanmu yake: ba shi da kaurin tambari ko kaɗan, amma kiran salla yana tsallake gari da ɗan batir. Ba don sun fi Bowers & Wilkins kyau ba, sai don an yi su ne saboda wannan aikin.

Wani abu kuma yana damuna, shi ne yanayinmu. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin koyil da maganaɗisu, zafin bazara yana busar da robar da ke zagaye da kwano, ga jijjigar hanya a bayan babur. Kwanon takarda na akwatin taro in ya yage, mai gyara a Kamba ko Birnin Kebbi zai iya sake masa kwano da koyil. Tuwitan lu'ulu'u kuwa ɗan yatsan yaro ya isa ya fasa shi, kuma sai an aiko da wani daga waje.

In za ka sayi na taron, ka manta da lambar wat ta PMPO da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, ka nemi ta RMS. Ka sa a kwance ragar gaba ka ga kwanon da idonka, don sau da yawa sunan da ke jikin akwati daban, abin da ke ciki daban. Ka danna kwanon a hankali da yatsu. In ka ji yana gogar wani abu, koyil ya taɓu. Ka tafi da karatu ko waƙar da kunnenka ya saba da ita, a gwada maka a waje, ka ja baya taku talatin ka saurara. Kuma kada ka haɗa su da ƙaramin amfilifaya kana murɗe shi har ƙarshe, wannan yana kashe tuwita.

Shawarata, Malam, ka bar waɗancan biyun ga mai falo, ka sayi akwatuna huɗun tare da ƙaho biyu saboda wa'azi. Allah ya sa albarka a sana'a.