Igiyar Rama da Alhakin Mai Tarko

Karatu: Fitowa 21:33-34; Ayyukan Manzanni 15:28-29

'Yan'uwa cikin Kristi, idan kaka ta yi aka kwashe amfanin gona, samarinmu na ƙasar Ɗambatta sukan fita ɗana tarkon zomo da fakara da kurciya. Wannan ba laifi ba ne, gama Allah ya ba mu naman jeji domin abinci. Amma a nan, tun daga Makoɗa har iyakar Kazaure, gona tana manne da gona, jeji kuwa ya yi kaɗan. Hanyar da zomo yake bi, ita ce akuyar maƙwabci take bi.

Kakanninmu da igiyar rama suke tarko. Sukan yanke rama, su jiƙa ta a kududdufi kamar kwana 10 ko 14 har ɓawon ya saki, su wanke, su shanya, sa'an nan su tufke ta a cinya. Inda babu rama, sai ɓawon kuka ko na kalgo, ko kaba. Su tanƙwara ɗanyen reshen sabara, su ɗaura zarge a bakinsa. Wannan igiya tana riƙe zomo, amma babbar dabba takan tsinke ta. Idan kuwa an manta da ita, gara da ruwan damina su cinye ta.

Yanzu da yawa sun koma ga waya da igiyar roba, domin ba wahalar tufka. To, waya ba ta ruɓewa da wuri. Mai ita ya tafi cin rani Kano, ita tana nan tana jiran ƙafar ɗan akuyar wata gwauruwa.

Shari'ar Musa ta ɗora biyan diyya a kan wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe har dabbar wani ta faɗa. Ba a tambayi nufinsa ba. Haka tarko yake: wanda ya ɗana, alhaki a wuyansa.

Har wa yau, manzanni a Urushalima sun gargaɗi masu bi su guji naman abin da aka shaƙe. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su cin mushe. Idan suka ga ɗan Ekklesiya yana gasa zomon da ya kwana matacce cikin zarge, ko suka tarar da akuyarsu ta gurgunce, da wane baki za mu yi musu wa'azi?

Saboda haka bari mu kiyaye abu 4. Mu koma ga igiyar rama. Mu ɗana tarkon ƙafa, ba na wuya ba, domin mu iske dabba da rai mu yanka. Mu zaga safe da yamma. Mu kwance kowane tarko kafin Lahadi da kafin tafiya. Wanda tarkonsa ya riga ya yi ɓarna, ya je da kansa ya biya tun ba a kai ƙara wurin mai unguwa ba.

Ayar haddacewa: Misalai 12:10.