WANE BASHI ZA MU FARA BIYA?

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, kaka ta zo. Hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya suna shanya. Amma kaka ba ta zuwa ita kaɗai, masu bin bashi suna biye da ita. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne mutum ya biya babu tsari, ya wayi gari rumbu ya ƙare, bashi kuwa yana nan.

Da yawa daga cikinmu muna fara biyan wanda ya fi yawan sallama a ƙofar gida, ko wanda ya fi ɗaga murya. Darasin yau zai nuna mana dubarar da ta fi wannan: a fara da bashin da jinkirinsa ya fi cutarwa.

KAFIN A BIYA KOWA

Da farko a ware iri. Wanda ya sayar da irinsa, bashi zai ci ranar shuka.

Na biyu, a ware cimakar gida. A lissafin ma'aikatan noma na ƙasarmu, mutum guda yana bukatar kilo 231 na cimaka a shekara. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. Ke nan rabon mutum guda buhu 2 ne da tiya 12. Idan abin da aka samu bai kai haka ba, a ajiye wanda zai riƙe gida har kuɗin noman rani ko na cin rani su shigo.

Wannan magana ce ta lafiya. Gidan da hatsi ya ƙare tun bazara, yara ne suke fara ramewa, tamowa ta kama su. Mai ciki da mai goyo su rasa ƙarfi. Maigida kuma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani.

A RUBUTA BASUSSUKAN DUKA

Ga amfanin yaƙi da jahilci. Ɗauki kaye da alƙalami. Rubuta sunan kowane mai bin ka bashi, da abin da yake bin ka. Kada ka manta da kowa, ko da na tiya 2 ne. Daga nan ka yi wa kowane bashi tambaya uku:

1. Yana ƙaruwa? Kowace jika dala nawa take haihuwa a wata?
2. Idan ban biya ba, me zan rasa? Gona, sa, amalanke, ko yardar jama'a?
3. Yaushe ne wa'adinsa?

MU ƊAUKI MISALI

Wani magidanci yana da bashi huɗu.

Na ɗaya: a watan Yuli ya karɓi jika 20 wajen ɗan kasuwa. Kowane wata ana ƙara masa jika 3. Irin wannan ne ake kira "a ci ba daɗi".

Na biyu: ya karɓi tiya 20 a bankin cimaka na garinsu. Zai mayar da tiya 22 kafin ƙarshen Disamba.

Na uku: ya jinginar da gona guda a kan jika 50. Gonar tana ba da buhu 3 a shekara, wanda ya ba shi kuɗin ne yake noma ta.

Na huɗu: ƙanensa yana bin sa jika 70, babu riba, babu wa'adi.

Wanne ya fi girma? Na ƙanensa. Wanne ya fi cutarwa? Bari mu yi lissafi.

A wajen ɗan kasuwa, kowace jika tana haifar dala 30 a wata. Bayan wata 7, riba ta kai jika 21, ta wuce uwar kuɗi. Don mu gane nauyin abin: a shekarar 2014, ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa sun sa wa asusun ajiya da bashi iyaka, kada ribarsu ta wuce 24 cikin 100 a shekara. Wato dala 4 a kan kowace jika a wata. Ku gwada dala 4 da dala 30. Wannan bashi shi ne na farkon biya, tun ranar da aka sayar da kayan farko.

Na bankin cimaka shi ke biye. Ba shi da yawa, amma yana da rana. Hatsin kuma na jama'ar gari ne. Idan mutane ba su mayar ba, banki ya mutu, baɗi kowa ya koma hannun ɗan kasuwa. Haka zancen yake ga asusun mata. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a shekarar 1991, da amana yake tafiya. Ribar da mace ta biya a asusu tana komawa ga mata ƴan ƙungiya ranar rabo. Wadda ta saɓa wa'adi kuwa ta rufe wa kanta ƙofa.

Gonar jingina ba ta da riba a baki, amma tana da ita a rumbu. Idan buhu yana jika 20, buhu 3 jika 60 ne. Abin da magidancin nan yake rasawa kowace shekara ya fi kuɗin da ya karɓa. Sai dai a watan Oktoba gona ba ta gaggawa, tun da babu shuka a kanta. Wa'adinta shi ne ruwan farko. Idan mai riƙe da ita ya shuka, shekara guda ta sake tafiya. To, daga kaka zuwa Afrilu akwai wata 6. A riƙa tara kuɗin fansa kaɗan kaɗan, a ɗaure tunkiya don wannan bukata.

A kula da takarda. Dokar tsarin karkara ta shekarar 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. Suna ba da takardar shaidar jingina. Gonar da aka jinginar da baki kawai, idan shekaru suka yi nisa, shaidu suka mutu, sai a ce sayar da ita aka yi.

Bashin ƙane shi ne na ƙarshe, amma na ƙarshe ba na mantuwa ba ne. Ka je ka same shi tun kafin ya zo. Ka gaya masa gaskiya, ka sa masa lokaci, ka ba shi ko jika 5 a hannu. Shiru shi ke ɓata zumunci.

DA ME ZA A BIYA?

A fara da kayan sayarwa: wake, gujiya, aya, riɗi, albasa, harawa. Hatsi ya zama na ƙarshe, domin da kaka ne ya fi araha, da damana kuma ya fi tsada. Wanda ya sayar da shi a Oktoba, shi zai saye shi a Yuli da tsada.

A garuruwan da ƙungiyar manoma take da magaza, akwai tsarin warantaj, wanda ya soma bazuwa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Manomi ya ajiye buhunansa, a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na asusu. Asusu ya ba shi kuɗi. Bayan kamar wata 6 ya biya, ya karɓi kayansa. Amma a tuna, shi ma bashi ne, kuma akwai shekarar da farashi ba ya tashi. A yi lissafi kafin a shiga.

ABUBUWA UKU DA ZA A KIYAYE

Kada a ci bashi mai tsada don a biya mai sauƙi.
Kada a sayar da sa na noma ko amalanke, su ne masu kawo kuɗin biya.
Kada a bar gida babu ko jika 2 ta likita. Zazzaɓin yaro ba ya jiran ranar kasuwa, shi ne kuma yake jefa iyaye da yawa cikin bashi.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Mutum 6 ne a gida. Buhu nawa suke bukata a shekara?
2. An ba ka jika 10, ana ƙara jika 1 kowane wata. Nawa za ka biya bayan wata 5?
3. A garinku, wane irin bashi ne ya fi raba mutane da gonakinsu?

Ku tattauna da malaminku, ku karanta wa maƙwabtanku da ba su iya karatu ba. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi, ya kai mu damana lafiya.