Shawara Ga Mai Ɗaukar Ma'aikata

Ya kai mai ɗaukar ma'aikata, ko masana'anta gare ka a Sharaɗa ko shago a Kantin Kwari, kada ka zaci albashi kaɗai ke ɗaure zuciyar ma'aikaci, domin galibi wanda ya ajiye aiki wulaƙanci ne ya kore shi, da rashin sanin makomarsa. Ka biya shi haƙƙinsa ranar da kuka yi alkawari, ko da mafi ƙarancin albashin nan ne na naira 70,000 da aka zartar a 2024, gama wanda ya kai goma ga wata yana cin bashin gero wurin mai awo, hankalinsa ba ya kan aikinka. In ya yi kuskure, ka kira shi ofis ka rufe ƙofa ka yi masa nasiha, don tsawa a bainar jama'a, wallahi, ba ta mantuwa. Kuɗin fanshonsa kuwa amana ce a wuyanka: kashi 8 cikin ɗari da ka yanke, ka haɗa da naka kashi 10, ka zuba a kan kari. Sharuɗɗan ƙarin girma kuma ka bayyana su a rubuce, ɗan ƙanwarka ma ya bi layi.